Ciwon Kaji Mai Sake Kama

Wannan takarda domin mai kiwon kaji ce, ko mai kaji goma a bayan ɗaki, ko mai dubu biyar a gidan gona. Tambaya ɗaya ce ta sa na rubuta ta, domin kusan duk inda na je rangadi sai an yi mini ita. Sai ka ji an ce, "Malam, ciwon nan ya shigo mana bara, kaza biyu kaɗai ya ɗauka ya wuce. Bana kuwa ya share akurki tas. Ciwon ne ya sake, ko kajin yanzu ne ba su da ƙwari?"

Wani lokaci laifin yana wajen kiwo. Amma sau da yawa ciwon ne ya sake da gaske. Sunansa yana nan yadda ka san shi, abin da ke kawo shi kuwa ba na bara ba ne. Za mu ɗauki murar tsuntsaye mu yi misali da ita, don ita ce ta fi nuna wannan hali a fili.

Abin da ke kawo ciwon

Murar tsuntsaye, da fakat, da gumboro, duk ƙwayar cuta ce ke kawo su, irin wadda likitoci ke kira bairos. Ƙanƙantarsa ta wuce misali, ko madubin likita na asibiti ba ya nuna shi. Bairos ba ya ci, ba ya sha, ba ya kuma iya haihuwa da kansa. Sai ya shiga jikin kaza, ya tilasta wa jikin ya riƙa ƙera irinsa dubu bisa dubu, su fito ta majina da miyau da kashi su nemi wata kazar.

Ka riƙe wannan tun yanzu: kafso ja da rawaya da ake kwancewa a zuba a ruwan kaji ba ya taɓa bairos. Haka barkono, haka ɓawon maɗaci. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma mai tashi ce.

Yadda yake sake kama

A cikin kowane bairos akwai wani ɗan rubutu, watau bayanin yadda za a ƙera shi. Duk sa'ad da za a yi sabo, sai an kwafe wannan rubutu. To, ka ɗauka an ba magatakarda wasiƙa ya kwafe da gaggawa, wani ya kwafa daga tasa, wani kuma daga ta wancan, babu mai dubawa. Kafin a je ko'ina za ka tarar harafi ya faɗi nan, kalma ta juye can. Bairos na mura haka yake, ba shi da mai gyara masa kuskure.

Yawancin kurakuran nan ba su da wani tasiri, waɗansu ma kashe bairos ɗin suke yi. Amma jefi-jefi akan sami wanda ya ba shi riba: ya fi saurin kama kaza, ko ya fi daɗewa a cikin kashi, ko jikin kazar da ta taɓa yin ciwon ya kasa gane shi. Kai manomi ka san sauran zancen. In za ka ajiye iri, zangarniyar da ta fi kyau kake warewa, baɗi ita za ta cika gona. A nan babu mai warewa da hannu. Wanda ya riga 'yan'uwansa isa kaza ta gaba shi ke yaɗuwa, sauran su ɓace.

Akwai hanya ta biyu, ta kuwa fi ta farko sauri nesa ba kusa ba. Rubutun bairos na mura ba a haɗe yake ba, guntaye 8 ne. In iri biyu daban suka shiga jikin tsuntsu ɗaya lokaci guda, wajen ƙera 'ya'ya sai guntayen su gauraya, kamar wanda ya sussuka gero da maiwa a masussuka ɗaya. Ɗan da zai fito ya ɗauko biyar daga wannan, uku daga wancan, ya zama sabon abu wanda ba a taɓa gani ba. Wannan shi ya sa kake jin sunaye kamar H5N1 da H5N8 da H9N2 a rediyo. H da N waɗansu ƙayoyi ne iri biyu da ke bayan bairos. A cikin tsuntsaye an daɗe da sanin H iri 16 da N iri 9, kowace H kuwa tana iya haɗuwa da wata N.

Ina iri biyu za su haɗu a jiki ɗaya? Dubi kwandon dillali ran kasuwa. Kazar wannan ƙauye, da zabuwar wancan, da agwagwar bakin fadama, duk a wuri ɗaya, suna shan ruwa a gwangwani ɗaya. Agwagwa ita ce abar tsoro a nan, don takan ɗauki ciwon ta yi ta yawonta garau, tana zubar da shi cikin kashi.

Daga mura mai sauƙi zuwa mai kisa

Asalin gidan murar tsuntsaye jikin tsuntsayen ruwa ne na daji, su agwagin ruwa da dinya. A wurinsu yawanci ba ta da wani zafi. In ta tsallako cikin kaji ma, da fari ɗan atishawa ne da raguwar ƙwai, mutuwa kaɗan. Mai kaji sai ya ce sanyi ne, ya share.

Ga inda hatsarin yake. Ƙayar nan H ita ce mabuɗin da bairos ke buɗe jikin kaza da shi. Mabuɗin iri mai sauƙi ɗaki biyu kaɗai yake buɗewa, hanyar numfashi da hanji. Amma in H5 ce ko H7, aka bar ta tana zagawa cikin kaji masu yawa wata da watanni, wata rana kuskuren kwafi yakan ƙara wa mabuɗin 'yan haƙora. Daga nan sai ya buɗe kowane ɗaki: zuciya, hanta, ƙwaƙwalwa, jijiyoyin jini. Shi ne za ka kwanta kaji na cin abinci, ka tashi ka tarar da gawa shimfiɗe.

Wannan ba zato ba ne, an gani da ido. A jihar Fensilbaniya ta Amurka, cikin watan Afrilu na 1983, wata mura H5N2 ta shiga gidajen kaji, tana kisa kaɗan-kaɗan. Ba a ɗauke ta da zafi ba. Zuwa watan Oktoba sai ta rikiɗe, ta koma kashe mafi yawan kajin duk gidan da ta shiga. Kafin a shawo kanta sai da aka hallaka tsuntsaye miliyan 17. A arewacin Italiya haka aka yi da H7N1: ta ɓullo da sauƙi a watan Maris na 1999, ta rikiɗe a watan Disamba, tsuntsaye fiye da miliyan 13 suka salwanta. Wata shida a can, wata tara a nan. Ka ga ashe ciwo mai sauƙi da aka ƙyale shi ne uban mai kisa.

Shin ciwo yakan yi sanyi in ya daɗe?

Mutane da yawa sun ɗauka haka, har da masu ilmi. Sukan ce ai ciwo in ya daɗe a gari huce wa yake. Wani lokaci haka ne, amma ba doka ba ce. Labarin zomaye a Ostiraliya zai nuna maka dalili.

Zomaye sun yi yawa a ƙasar nan har suna cinye makiyayar tumaki. A 1950 hukuma ta saki wani bairos da gangan don ya rage su. Sauro ne ke ɗaukarsa daga ƙurajen jikin zomo mai ciwo ya kai wa lafiyayye. Da fari, cikin zomo 100 da suka kamu, 99 mutuwa suke yi, cikin ƙasa da sati biyu. Bayan 'yan shekaru masu bincike suka duba, sai suka tarar irin da ya fi yawa a daji ba wannan mai zafin ba ne, wani ne matsakaici. Dalili kuwa, sauro ba ya cizon gawa. Irin da ke kashe zomo da wuri yakan mutu tare da shi. Wanda ke barin zomo ya yi sati uku ko huɗu yana jan jiki da ƙuraje, shi sauro ya fi samu. Mai sauƙi ƙwarai kuma zomo warkewa yake kafin ya yaɗa shi sosai.

Da labarin ya tsaya nan, da masu cewa ciwo yana hucewa sun ci gari. Amma zomayen da suka tsira suka haifi 'ya'ya masu juriya, bairos ɗin kuma ya sake ƙara zafi don ya iya da su, har irin da aka samu daga baya ya fi na 1950 muni. Watau bairos ba ruwansa da tausayi ko mugunta. Duk halin da zai kai shi jiki na gaba, shi zai ɗauka.

Yanzu ka auna wannan da kaji. A ƙauye mai nisa, inda kowane gida ke da kaji bakwai ko goma, iri mai saurin kisa yakan cinye su ya rasa na gaba, ya mutu a nan. Amma a ɗakin da aka cusa kaji 2,000 kafaɗa da kafaɗa, ko kazar ta mutu cikin kwana biyu ta riga ta shafa wa ɗari. Saurin kisa bai rage shi da kome ba. In kuma mai kaji ya ga mutuwa ta fara ya kwashe sauran ya kai kasuwa, to ya yi wa mai kisan aikin da sauro ya ƙi yi masa: ya ɗauke shi daga inda zai mutu ya kai shi inda zai rayu.

Yadda ta iso mana

Murar H5N1 da ta dame mu an fara ganinta a 1996 cikin dinyar gida a kudancin ƙasar Sin. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, aka yanka kajin birnin gaba ɗaya, fiye da miliyan ɗaya. Aka ɗauka an gama da ita, ashe danginta suna nan suna gauraya cikin agwagi. A 2005 ta yi abin da ba a saba gani ba: ta koma cikin tsuntsayen daji da zafinta, ta kashe fiye da 6,000 a tabkin Cinhai da ke yammacin Sin. Daga nan ta bi Rasha da Turkiyya da Turai.

Ran 8 ga Fabrairu 2006 aka tabbatar da ita a wani gidan gona a Jaji, jihar Kaduna, inda kaji wajen 40,000 suka mutu. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta cikin agwagi a Magarya, a Jamhuriyar Nijar. Zuwa 2008 ta taɓa jihohi 25 da Abuja, tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya suka mutu ko aka kashe su. A watan Janairu 2007 ta kashe wata mata a Legas.

Abin lura shi ne wannan. Da masu bincike suka karanta rubutun bairos ɗin da aka samu a gidajen kaji daban-daban a 2006, sai suka ga ba iri ɗaya ba ne, iri uku ne, alamar ba sau ɗaya ya shigo ƙasar ba. Da suka sake dubawa a 2007, sai ga 'ya'yan gauraye: guntayen wannan sun haɗu da na wancan, a nan cikin kajinmu. Ba daga waje aka kawo su ba, mu muka reni abinmu.

Bayan 2008 aka sami sauƙi. A watan Janairu 2015 ta sake ɓulla a Kano da Legas, sunan dai H5N1, amma wani reshe ne daban da na 2006. A ƙarshen 2016 aka sami H5N8 a Kano. A farkon 2021 wani reshen kuma ya shigo, wanda ya fi na baya iya bin tsuntsayen daji, har ya ƙetara teku ya shiga Amurka ta Arewa da ta Kudu. A watan Maris 2024 aka same shi cikin shanun madara a Amurka, abin da ba wanda ya zata. Saboda haka in ka ji an ce murar tsuntsaye ta dawo, kada ka ce ai mun san ta. Wadda ka sani ta wuce.

Ƙafar da ke kai ta

Gaskiya ne tsuntsayen ƙaura sukan sauko daga Turai da Asiya lokacin hunturu, su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da bakin tabkin Cadi, kuma suna iya zuwa da ita. Amma a ganina an cika ɗora musu laifi. Tsuntsun daji iyakarsa ya kawo ta bakin ruwa. Daga bakin ruwa zuwa akurkinka, yawanci mutum ne ke ɗauko ta: a tafin takalmi, a tayar babur, a kiret ɗin ƙwai na kwali da ke yawo gida-gida, a tsohon buhun abinci, a buhun kashin kaji da ake kai wa masu noman rani. Sanyin hunturu kuwa yana taimakonta, don cikin kashi mai danshi da sanyi takan yi makonni da rai, alhali zafin bazara cikin 'yan kwanaki yake kashe ta.

A 2021 na ga abin da har yanzu yake damuna. Wani mai kaji a yankin da nake aiki ya wayi gari da gawa talatin da wani abu. Bai gaya wa kowa ba. Kafin azahar ya kira dillalai ya sayar da sauran a rabin kuɗi. Matan unguwa suka ga kaza mai ƙwai da araha, kowa ta saya ta kai gida ta saka cikin nata. Ba a yi sati ba sai kuka ya tashi gida-gida. Wata tsohuwa ta tare ni ta ce, "Ɗan nan, kajin da nake sayarwa in sai wa jikokina littafi ke nan, ko ɗaya ba ta rage ba." Ban sami abin ce mata ba.

Ban ce mutumin nan mugu ba ne. Bashi ne a kansa, ya kuma ji tsoron in ya kai rahoto za a kashe kajin a bar shi hannu wofi. Tsoron nan yana da asali: a farkon 2006 diyyar da aka sa N250 ce kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, sai daga baya aka ƙara. Amma ko shi bai tsira ba, don dillalan da ya kira su ne suka riƙa shiga gidajen da yake sayen kaji daga baya.

Maganar rigakafi

Kada jin cewa bairos yana sake kama ya sa ka ce rigakafi banza ne. Ba kowace sakewa ke karya rigakafi ba. Dubi fakat, wadda ke share kajin ƙauye kowane hunturu. Ita ma tana da rassa da yawa, amma rigarsu ta waje kusan ɗaya ce, shi ya sa Lasota, wanda aka samo asalinsa tun 1946, har yanzu yake hana kaji mutuwa in an ba da shi daidai. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin sa, tana kuma yin wani mai suna I-2 wanda ya fi jure zafi, domin kajin ƙauye. Ana ɗiga shi a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu.

Sau da yawa in an ce mini an yi rigakafin fakat amma kaji sun mutu, wai sabon iri ne ya zo, in na bi sawu sai in tarar kwalbar ta wuni a aljihu cikin rana, ko an haɗa ta da ruwan famfo mai magani, ko an raba na kaji 200 ga 500. Rigakafi rabi-rabi ya fi kome haɗari, don kazar ba za ta nuna ciwo sosai ba, amma tana zubar da bairos, shi kuwa yana samun wurin koyon yadda zai kauce.

Rigakafin fakat ba ya hana murar tsuntsaye, ciwo biyu ne daban. Ita mura tana saurin sake riga, dole sai rigakafin ya dace da reshen da ke yawo. In wani ya kawo maka kwalba a ɓoye ya ce ta murar tsuntsaye ce, kada ka karɓa sai ka ji daga bakin likitan dabbobi na gwamnati.

Abin da ke hannunka

Kowace kaza da ta kamu, wuri ne da bairos zai yi kwafi ya gwada sabuwar kama. In ka rage yawan masu kamuwa, ka rage masa wurin gwaji. Raba agwagi da kaji, kada su kwana ɗaki ɗaya ko su sha ruwa ɗaya. Sabuwar kaza, ko saya ka yi, ko kyauta ce, ko wadda ka kai kasuwa ba ta sayu ba ka dawo da ita, ka ware ta sati uku kafin ta shiga cikin sauran. Dillali ya tsaya a ƙofar gida, kai ka fito masa da kaji. Mai gidan gona ya ajiye takalmi da riga na shiga ɗakin kaji kaɗai, ya sa ruwan magani a bakin ƙofa, ya riƙa sake shi, don ruwan da ya cika da laka ba ya kashe kome. In ka sayar da kaji, ka share ɗakin, ka wanke, ka bar shi wofi sati biyu kafin ka zuba sababbi. 'Yar mura da raguwar ƙwai da suka ƙi ƙarewa, kada ka raina su, ka tuna Fensilbaniya ka kira likita.

In kuwa ka ga kaji suna mutuwa farat ɗaya da yawa, kai ya kumbura, zanko da leɓatu sun yi baƙi-baƙi, jini ya kwanta ƙarƙashin fatar ƙafa, to ka rufe ƙofa. Kada kaza ko ƙwai ko kashi ya fita. Da ido ba a iya rabe ta da fakat mai zafi, ko likita sai ya aika da samfur Vom. Ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku ko malamin gona mafi kusa a ranar, ba gobe ba.

Kada a yanka mai ciwo don a ci. Wuta tana kashe bairos in nama ya dahu sosai, amma hatsarin yana wajen yanka da fige gashi da fiɗa, kuma mata da yara ne ke wannan aiki. Gawa kada a jefa ta bola ko rafi, kada a ba kare. A sa leda a hannu a ɗauka, a haƙa rami mai zurfin da ya kai ƙirjin mutum, nesa da rijiya, a binne, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Wanda ya taɓa kajin, in zazzaɓi ko tari ya kama shi cikin kwana goma, ya tafi asibiti, ya kuma faɗa wa likita cewa kajinsa sun mutu.